Lefe a Akwatin Harsashi

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka Deira ta birnin Dubai da niyyar sarin kaya ya san Alhaji Ɗalhatu Bar-Min. In bai gan shi ba ya ji shi, don muryarsa tana riga shi shan kwana. Sunan nan kuwa ba a kansa aka yanka masa rago ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce kwantenarka ta maƙale a tashar ruwa, ya ce, "Bar min." Ka ce haƙori ke damunka, ya ce, "Bar min." Akwai bawan Allahn da ya bar masa yankan tikitin komawa Kano, sai ga shi a Kigali yana tambayar hanyar Sabon Gari.

A gida ma an san hali. Ɗalhatu ne babban namiji a ɗakinsu, amma duk auren da za a ɗaura a zuri'arsu, ƙaninsa Zainul Abideen ake tsayarwa wakili, wani malamin makaranta mai magana kamar yana tsoron tada jariri. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Ɗalhatu tuwo a ƙwarya. Ba shi da buri a duniya irin a ce ga shi a tsakiyar masallaci, liman ya tambaya, "Wa ke karɓa wa ango?" shi kuma ya gyara zaman babbar riga ya ce, "Ni ne." Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma kowa ya sani.

Ana nan sai yayarsu, Yaya Mero, ta kira shi daga Kano.

"Ɗalhatu, buɗe kunnenka da kyau. Ɗana Rilwanu da ke aiki nan wurinku ya samu mata, Nuriyya, iyayenta mazauna Dubai ne. Sun ce a kai lefe can gidansu, aure kuma a ɗaura a Kano. Kayan ciki duk na haɗa, da kaina zan taho da su. Abu ɗaya na rage maka, akwati. Saiti guda, irin wanda kowa ke saye."

"Yaya, bar m..."

"Kada ka ƙarasa! In na ji kalmar nan gabana faɗuwa yake. Akwati kawai na ce. In ka yi wannan ba ka ba ni kunya ba, kai ne wakilin ɗana."

Ɗalhatu ya ajiye waya, ya tashi tsaye, ya zauna, ya sake tashi. Kafin azahar ya kai wa tela shadda a ɗinka masa babbar riga da aiki tun daga wuya har cibiya. Daga ranar ya fara gwajin murya. In ya shiga lifta shi kaɗai sai ya kalli madubi ya ce, "Na karɓa." In bai yi masa ba ya ƙara kauri, "Na karɓa!" Wata rana ƙofa ta buɗe kan wata 'yar Filifin, ta ja da baya ta bi matakala.

Shagon da ke kallon nasa a kasuwar Murshid na Salmanu ne, mai ɗaurin kago, wato kayan da 'yan sari ke aikawa gida. Salmanu Bazazzagi ne, Ɗalhatu Bakano, don haka akwai wasa tsakaninsu, kuma Salmanu ba ya barin lada ya wuce shi.

"Alhaji, abin ai ya zo da sauƙi," in ji Salmanu. "Ga shagon Ba'indiye can a bakin layi. Saiti mai akwati shida, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan gwal. Ka nuna da yatsa a kawo maka."

"Waɗancan? Akwatin da ɗan dako zai jefar sau ɗaya taya ta kama gabanta? Kai Salmanu, shi ya sa har yau Zariya ba ta wuce Zariya ba. Lefen ɗan yayata ne fa. Sai na kawo akwatin da jikokin amarya za su yi faɗa a kansa wurin rabon gado."

"Hajiya cewa ta yi irin wanda kowa ke saye."

"Ni kowa ne?"

Ya wuce shagon Ba'indiye ko kallo bai yi ba, ya nufi Al Quoz, unguwar manyan sito-sito. Can ya faɗa wurin wani ɗan Pakistan mai sayen ragowar kayan da kamfanoni ke bari bayan baje koli. A lungun siton ya hango su, guda shida, kore irin na kakin soja, kauri kamar ƙofar banki, kowanne da sakata huɗu. Ya buɗe ɗaya. Ciki baƙin soso ne mai tauri, an yanka shi rami-rami a jere, tsaf kamar an auna da ma'aunin gwal.

Mai siton bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Habibi, wannan na ajiyar gidan harsashi ne. Ƙarfen nan da ake cika shi da harsashi a cusa a ƙasan bindiga, shi ake jerawa a ramukan nan in za a yi tafiya. Sababbi ne, ba a taɓa sa komai ciki ba, ga takardunsu. Amma ba na sutura ba ne."

Wani zai ji haka ya ce Allah ya ba da kasuwa. Ɗalhatu kuwa idonsa ne ya ƙara haske.

"Abin da aka amince masa ya riƙe wa soja harsashi, atamfa ce za ta gagare shi? Halas, shi ke nan, na saya."

Mai siton ya nuna masa wani ɗan baƙin maɓalli a gaban kowane akwati, da ɗan ƙaramin huji a tsakiyarsa. Ya ce ta nan akwatin ke numfashi in zafi ko sanyi ya canza, kada a toshe.

Ɗalhatu ya yi dariya. "Akwati da numfashi! Saura ka ce yana atishawa. Yalla, a ɗora min."

Tasi ta farko ta tsaya, direban ya kalli kayan, ya ja motarsa ya yi gaba. Ta biyu ko tsayawa ba ta yi ba. Da ƙyar ya samu wata a-kori-kura, shi ma direban duk hanya yana jan carbi. Da aka sauke su a Murshid, layin ya yi tsit. Wani Basomale mai sayar da labule ya jawo ƙofar shagonsa zuwa rabi.

Salmanu ya zagaye su yana riƙe da haɓa. "Alhaji, tambaya ɗaya. Auren za a nema, ko garin za a ci da yaƙi?"

"Jahilci dai ba kyau. Matsa ka ga aiki."

Ya hau kan tarin kwalaye, ya tattare riga, ya diro kan akwatin da duk nauyinsa, kuma Allah ya hore masa nauyi. Akwati ko gezau. Ƙafar Alhaji kuwa ta ce ƙaras. Ya miƙe yana ɗingishi, gumi na keto masa, ya ɗaga yatsa sama.

"Kun gani? Ƙafa ta ji, akwati bai ji ba."

"Mun gani," in ji Salmanu. "Ruwa fa? Ka san damina a Kano ba ta da mutunci."

To, nan Salmanu ya ɗauki alhaki, don ya san wanda yake tsokana. Washegari da hantsi Ɗalhatu ya tara shaidu, aka gangara bakin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai, aka shiga kwalekwalen hayar nan da ake kira abra. Don kada wani ya ce da wofi aka gwada, sai ya ninke sabuwar babbar rigarsa ta wakilci, wadda tela ya kawo da safen nan, ya danna ta kan soson ya rufe. Ya ɗaura igiyar kago a hannun akwatin, ɗauri na gaske har da ƙulli biyu. Da aka kai tsakiyar ruwa ya ce bismillah, ya wurga.

Akwati ya faɗa, ya nutse, ya taso yana lilo. Igiya ta bi shi sululu har ƙarshenta, don ɗaya bakin ba a ɗaure yake da komai ba, kuma ba kowa ke riƙe da shi.

"Salmanu! Ba kai ka riƙe ba?"

"Ka ce a bar maka."

Ruwa ya ja akwati ya yi gaba da shi cikin natsuwa, Turawa 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Ɗalhatu yana tsaye da ƙafa ɗaya yana yi wa mai kwalekwale ihu, "Bi shi! Bi shi, rigata ce!" Mai kwalekwale ya ce shi hanyarsa ɗaya ce, daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Kai ma ka sani, koren akwatin soja ba zai yi ta yawo shi kaɗai a ruwan Dubai ba a rasa mai tambaya. Kafin su sauka jirgin sintiri ya iso, an kori mutane daga bakin gaɓa, an janyo akwatin da ƙugiya a hankali kamar ana ɗauko ƙwai. Aka buɗe. Wani jami'i ya kama wuyan rigar ya ɗaga, ya ɗaga, hannunsa ya ƙare riga ba ta ƙare ba.

"Tantin nan na wane ne?"

Ɗalhatu ya ɗingiso gaba. "Ranka ya daɗe, ba tanti ba ne. Rigar wakili ce."

Sai bayan la'asar suka sake shi, bayan sun duba takardu sun ga ba laifi sai na rashin tunani, suka gargaɗe shi cewa ruwan nan ba bahon wanka ba ne. Kuna tsammani ya dawo da sanyin jiki? Ina! Tun daga bakin layi yake ɗaga rigar yana cewa, "A taɓa a ji! Ko ɗigo! Hukuma da kanta ta gwada ta tabbatar. Wane akwatin Ba'indiye ne aka taɓa rufe gaɓa saboda shi?"

Aka shigo da akwatin daga rana aka ajiye cikin sanyin shago, mutane sun cika ƙofa. Ana cikin sauraren Alhaji sai aka ji wani siririn sauti daga ɗan hujin nan, fiiiit.

Salmanu ya toshe hanci. "A'uzu billahi. Alhaji, akwatinka ya karya alwala."

Shago ya kwashe da dariya, har Basomale mai labule da ba ya jin Hausa.

"A gaban surukai zai yi wannan?" in ji Salmanu. "Ana tsakiyar addu'a?"

Maganar ta soki Ɗalhatu. Yana iya jure targaɗe, yana iya jure 'yan sanda, amma ba ya jure dariya. Ya aika aka sayo gam mai kamun tsiya, ya bi hujin nan shida ɗaya bayan ɗaya ya cika su fal, ya bar su suka bushe kamar dutse. Ya ce dama kuskuren kamfani ne, kuma ta nan ƙamshin turare zai riƙa zurarewa.

Yaya Mero ta sauka da jakunkunan bakko cike da kaya, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman jirgi. A ɗan ɗakin otal ɗinta na Al Sabkha ta dube shi sama da ƙasa.

"Me ya samu ƙafarka?"

"Hidimar lefe ce, Yaya."

"Ina akwatunan? A kawo in gani."

"Suna sito ana goge su. Ke dai huta. Ɗakin nan ma ina zai ɗauke su? Ki ba ni kayan in jera, ranar kai lefe ki ga abin da ba a taɓa gani ba."

"Abin da ba a taɓa gani ba shi nake tsoro," in ji ta. Amma gajiya ta ci ƙarfinta, ta miƙa. Kayan nan kuwa ba na wasa ba ne. Tun Rilwanu na makaranta take tara su, turmi-turmi, duk wanda ta ga ya yi mata sai ta saya ta adana a ƙasan gado.

Shago ba fili, don haka Ɗalhatu ya sa aka hau da komai saman rufin bene, da tsakar rana, a watan Yuli, lokacin da iskar Dubai ke fitowa kamar daga bakin tanda. Ya fara da kwalaben turare. Kowace ta zauna a raminta ɗas, kamar don ita aka yanka.

"Allahu akbar! Salmanu, zo ka ga ilimi."

Takalma ma suka shiga, kowane wari da raminsa. Sai aka zo kan atamfa. Ya ninke turmi, bai shiga ba. Ya naɗe shi, bai shiga ba. Ya taka da ƙafar mai lafiya, turmi ya ce bai san zancen ba.

"Cire soson mana," in ji Salmanu. "Ka jera su a kwance kamar yadda ake yi tun kakanni."

"In cire soso? Soson ai shi ne akwatin. In na cire me ya bambanta ni da Ba'indiye?"

Ya sa hannu a aljihu ya zaro almakashi.

Nan Salmanu ya daina dariya. "Alhaji, wasa wasa ne, amma wannan ba wasa ba ne. Ba a yanka atamfar lefe. Cewa za a yi kwance aka kawo musu."

"Turmi zani nawa ne? Uku. Tela in ya karɓa me zai yi? Yankawa. To na rage masa aiki, kuma ban ce a biya ni ba."

"Ni dai ban gani ba," in ji Salmanu, ya sauka.

Ɗalhatu ya zauna cikin ranar nan ya bi kayan Yaya Mero turmi bayan turmi, atamfa da leshi da shadda, yana raba kowanne uku, yana naɗewa tamau, yana cusawa a rami da ƙotar guduma. Da ya gama, akwatunan sun yi zafin da za a soya ƙwai a kansu. Ya rufe, ya danna sakatu, ya manna musu hotunan furanni, ya ɗaure kowanne da kirtani ruwan hoda. Ya ja da baya ya kalle su, har ƙwalla ta zo masa don jin daɗi.

Ranar kai lefe, a ƙofar benen surukai Yaya Mero ta fara ganinsu, ana sauke su daga a-kori-kura inda suka ƙara shan rana. Ta dafa bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗalhatu, mene ne wannan?"

"Akwati, Yaya."

"Na wane yaƙin?"

Ba lokacin komawa, don an riga an leƙo ta taga. Mai gadi ya nemi takardu, Ɗalhatu ya zaro su da alfahari, ya ce shi ai yanzu an san shi a hukuma.

Falon Hajiya Bilqis, uwar amarya, cike yake da matan Hausawan Dubai, kuma sanyin na'ura a gidan nan sai da kowa ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. Mai guɗa ta ɗaga murya da aka buɗe ƙofa, ta kai rabi, ta ga abin da ake shigowa da shi, guɗar ta koma tari. Aka jera su shida a kan kafet daidai ƙarƙashin na'urar. Lefe sha'anin mata ne, ya kamata Ɗalhatu ya ajiye ya sauka, amma ya kafe a bakin ƙofa, wai kayan na buƙatar masani a kusa.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Aka ci, aka sha, aka yi la'asar. Akwatuna na nan suna shan sanyi. Kun san kwanon miya mai murfi, in an rufe shi da zafi ya huce, yadda yake kama baki? To haka, sai dai wannan an yi shi ne don kada ko iska ta ratsa, kuma ƙofa ɗaya da aka bar wa iskar Alhaji ya cika ta da gam.

Gwaggon amarya, Ummi Kulsum, ita ce mai buɗe kaya, mace mai baki kamar reza. Kafin ta taɓa, Ɗalhatu ya yi gyaran murya daga ƙofa.

"Hajiyoyi, a yi min afuwa. Akwatin nan wuta ba ta cin sa, ruwa ba ya shigarsa, ɓarawo ba ya buɗe shi."

"To madalla," in ji Ummi Kulsum. Ta ce bismillah, ta ɓalle sakatu huɗu, ta ja murfi. Shiru. Ta gyara zama ta sake ja. Ta koma na biyu, ta koma na uku.

"Kawun ango, ka ce ɓarawo ba ya buɗewa. Masu kayan fa?"

"Dabara ce, Hajiya. Bar min."

Yaya Mero ta runtse ido.

Ya shigo yana ɗingishi, ya durƙusa, ya ja. Ya ce a kawo cokali, cokali ya lanƙwashe. Ya ce a kawo muciya, muciya ta karye, rabin ya tashi ya sami agogon bango. Ya sa mata biyu masu jiki suka danne gindin akwatin, shi ya kama murfi, ya kafa ƙafa, ya manta wace ce mai targaɗen. Ya yi ƙara, hannu ya kuɓuce, ya tafi da baya ya zauna cikin farantin cincin, jug ɗin zoɓo ya biyo shi ya ƙarasa aikin.

"Shwayya shwayya, a hankali Alhaji," in ji wata daga lungu. "Kafet ɗin haya ne."

Ummi Kulsum ta karkaɗe hannu. "Ni dai a garinmu, in aka kawo akwati ya ƙi buɗuwa, to an san abin da ake ɓoyewa. Ba komai a ciki."

Maganar nan ta yi wa Yaya Mero ciwo ƙwarai, don ta san shekarun da ta yi tana hana kanta tana tara kayan nan. Ta miƙe a kan kumburarrun ƙafafunta.

"Ɗalhatu, ka buɗe min kayana a gaban mutanen nan, ko in manta cikin da muka fito ɗaya ne."

Tsoro na sa tunani. Yana zaune cikin zoɓo sai maganar ɗan Pakistan ta faɗo masa. Ya ce a taimaka masa da ƙusa. Aka gasa ta a kan gas ta yi ja, ya kama da tsumma, ya soka a cikin gam ɗin akwatin farko.

Fiiiiiiiiiit.

Ba irin na shago ba ne. Wannan dogo ne, mai hawa da sauka, ya ɗauki lokaci kamar ba zai ƙare ba, cikin falon da ko tari ba a yi. Wata yarinyar mata ta cusa mayafi a baki. Abin da ya toshe don kada a ji sau ɗaya a gaban surukai, sai da ya bi da hannunsa ya sa aka ji sau shida. A na huɗu mata sun kwanta a jikin juna, har Ummi Kulsum na share hawaye.

Murfi ya ɗagu da yatsa ɗaya. Ga kaya nan tsaye a jere, kan kowanne ya leƙo daga raminsa, ja da kore da shuɗi. Ɗalhatu ya ɗan samu ƙarfin gwiwa. "Kun ga tsari?"

Ummi Kulsum ta kama kan wata atamfa ta zaro, ta warware. Ta juya ta, ta nemi sauran, babu. Ta zaro wata. Ta zaro leshi. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

"Hajiya Mero, wannan zani ɗaya-ɗaya ne."

Yaya Mero ta karɓi guntun. Ta san shi, shi ne turmin farko da ta saya, shekarar da mahaifin Rilwanu ya rasu. Ta shafa bakin yankan, wanda ko miƙewa bai yi ba. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi wa Ɗalhatu sauƙi. Zama kawai ta yi, hawaye na zuba.

"Yaya, ai ragowar biyun suna nan, in aka duba ramin da ke..."

"Yi shiru, Alhaji," in ji Hajiya Bilqis. Sai yanzu ta yi magana. Ta taso ta zauna kusa da Yaya Mero ta riƙe hannunta. "Hajiya, share hawayenki. Mai ido ya ga irin kayan da kika tara, kuma mun san ba ke kika riƙe almakashi ba. Mun karɓa, mun gode, Allah ya sa albarka. Nuriyya za ta ɗinka ta sa. Alfarma ɗaya nake nema. Na ji an ce wannan bawan Allah ne zai karɓi auren."

"Haka na yi niyya."

"Aure igiya uku ne, Hajiya. Mutumin da ya ga turmi lafiyayye ya raba shi uku, ba na son ya matso kusa da igiyar auren 'yata."

Yaya Mero ba ta ko kalli inda yake ba. Ta ce, "Zainul Abideen na nan."

Tukwici kuwa an ba da, ba a yi rowa ba. Bayan an kwashe kayan aka ce kawun ango ya tafi da akwatunansa duka shida, har da soson.

Ranar ɗaurin aure Ɗalhatu bai je Kano ba. Yaya Mero ta ce ya zauna ya kula da dukiyarsa. Amma da lokaci ya yi sai ga shi ya fito cikin babbar rigar, da hula, da turare, ya zauna a ƙofar shago kan ɗaya daga cikin akwatunan. Wani ɗan uwa ya kira ta bidiyo daga masallaci, Salmanu ya riƙe wayar, maƙwabta suka kewaye.

Liman ya tambaya wa ke karɓa wa ango. Aka ga Zainul Abideen ya sunkuyar da kai, leɓensa ya motsa. Liman ya ce bai ji ba. Ya sake, har yanzu kamar sauro ya gifta. Liman ya karkato da kunne.

"Na karɓa!" in ji Ɗalhatu.

Bai san maganar ta fito ba. Muryar ta cika layin Murshid, ta shiga wayar, ta fita a masallacin Kano, har sahun gaba suka waiwayo suna neman mai maganar. Liman ya ɗan yi murmushi, ya jira Zainul Abideen ya faɗi tasa a karo na uku, sannan aka shafa fatiha.

Basomale mai labule ya ce amin. Salmanu ya kashe wayar. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya ga Alhaji na goge ido da hannun rigar da aka ɗinka don wani wuri daban.

"Taka dai aka fi ji, Alhaji," in ji shi.

Ɗalhatu ya ja hanci. Bai ce komai ba, abin da ba a taɓa gani ba a layin nan. Ya miƙe ya cire rigar a hankali, ya ninke ta, ya ɗaga murfin akwatin da yake zaune a kai. Ya tsaya yana kallon ramukan. Sannan ya sa hannu biyu ya ciro soson gaba ɗaya ya ajiye gefe, ya kwantar da rigar a ciki ya rufe.